Dutsen kabarin Janar Pershing: yadda Amurka ke taƙaita aikin sojan shekara 38 a kan allo ɗaya

A Sashe na 34 na maƙabartar sojoji ta Arlington, tsallaken kogin Potomac daga birnin Washington, akwai wani ɗan tudu inda aka binne John J. Pershing, mutumin da ya ja ragamar sojojin Amurka zuwa Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shi kaɗai ne a tarihin ƙasar ya riƙe muƙamin Janar na Rundunoni yana raye, tun daga 1919. George Washington ma sai a 1976 aka ba shi wannan girma, shekara 177 bayan rasuwarsa. Amma dutsen da ke kan kabarin Pershing irin wanda gwamnati ke ba kowane farabiti ne kyauta: farin marmara mai ɗan lanƙwasa a kai, tsawonsa inci 42, faɗinsa inci 13, kaurinsa inci 4, nauyinsa kusan kilo 104. Abin da ke bisa ƙasa bai wuce ƙafa biyu da 'yan kai ba, sauran yana binne.

Rubutun ma taƙaitacce ne. Akwai alamar gicciye a sama, sai sunansa, sai jiharsa Missouri, sai muƙaminsa, sai ranar haihuwa 13 ga Satumba 1860 da ranar rasuwa 15 ga Yuli 1948. Babu sunan yaƙi ko ɗaya, babu lambar yabo.

Wannan ba rowar gwamnati ba ce, zaɓinsa ne, kuma yana da hannu a tsarin dutsen kansa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an kafa kwamitin mutum uku don ya fito da fasalin dutse guda ga sojoji: mataimakin sakataren yaƙi J. M. Wainwright, da shugaban sashen kayan aikin soja Harry L. Rogers, da Pershing a matsayinsa na babban hafsan sojan ƙasa. A 1922 aka amince da fasalin, kuma a lokacin ne aka fara sassaƙa alamar addini a kan dutsen gwamnati, gicciye ga Kirista, tauraron Dauda ga Bayahude. Yau alamomin da aka yarda da su sun haura saba'in, ciki har da jinjirin wata da tauraro na Musulmi, irin wanda ke kan kabarin Kyaftin Humayun Khan, wanda aka kashe a Iraƙi a 2004, a Sashe na 60.

Kafin zamanin Pershing al'adar ba haka take ba. An buɗe Arlington a 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, a gonar da Janar Robert E. Lee ya bari lokacin da ya bi 'yan tawayen Kudu. Tun daga nan hafsoshi na da wurinsu, ƙananan sojoji na da nasu, baƙaƙen fata kuma an ware su a gefe. Iyalin hafsa mai hali sukan biya kuɗinsu su kafa abin da suke so. Janar Philip Sheridan, wanda ya rasu a 1888, yana da ƙaton dutse mai tsini a gaban tsohon gidan Lee, an manna masa hoton fuskarsa na tagulla da tuta. Janar Philip Kearny kuwa mutum-mutuminsa aka yi a kan doki. Wanda ya zaga waɗannan tsofaffin sassan zai gane muƙamin mamaci da arzikin gidansu tun daga nesa, kafin ya karanta harafi ɗaya. Daga baya doka ta taƙaita irin waɗannan duwatsu na kuɗin iyali ga sassan da dama akwai su kafin 1947, wariyar launin fata kuma ta faɗi bayan umarnin Shugaba Truman na 1948 da ya haɗe sojoji wuri guda. Shi ya sa Colin Powell, janar mai tauraro huɗu da ya rasu a Oktoban 2021, yake Sashe na 60, a tsakiyar matasan da suka mutu a Iraƙi da Afganistan.

Yadda ake tsara rubutun a yau yana da ƙa'ida. Abubuwa huɗu dole ne: sunan da ke takardun hukuma, da reshen sojan da mutum ya yi wa aiki, da shekarar haihuwa, da shekarar rasuwa. Sauran zaɓi ne, gwargwadon abin da fili ya ɗauka: alamar addini, da mafi girman muƙamin da ya taɓa riƙewa, da yaƙe-yaƙen da ya halarta, da lambobin yabo, da 'yan kalmomin ƙauna daga iyali a can ƙasa. Da yake faɗin dutsen inci 13 ne kacal, kusan komai a gajarce yake. BG birgediya janar, MG manjo janar, LTG laftanar janar, GEN mai tauraro huɗu. PH na nufin lambar da ake ba wanda aka raunata ko aka kashe a fagen daga, SS da DSC lambobin jarumta ne, OLC kuma na nuna an ba shi lambar fiye da sau ɗaya. Ba a sassaƙa muƙami, yaƙi ko lambar yabo sai da shaida daga takardun soja. Lambar sashe da ta kabari suna bayan dutse, matar soja ma idan ta biyo shi yawanci a baya ake rubuta sunanta, domin kabari ɗaya ake haɗa su, ɗaya bisa ɗaya.

Alfarma guda da dutsen gwamnati ke nunawa a fili ba ta muƙami ba ce. Wanda ya sami Medal of Honor, lambar jarumta mafi girma, ana cika haruffansa da ruwan zinariya, ko da farabiti ne. Janar da bai same ta ba haruffansa irin na kowa ne. Audie Murphy, fitaccen jarumin Yaƙin Duniya na Biyu da ya sami lambar, ya nemi kada a yi masa zinariyar, aka kuwa bar dutsensa fari.

To, a ina janar ke samun girmansa? A ranar jana'iza. Runduna ta musamman ce ke wannan aiki, Rejimanti ta 3 ta sojan ƙasa da ke barikin Fort Myer, daf da maƙabartar. Ana ɗora akwatin gawa a kan keken igwa na da, dawakai shida na ja, uku na hagu da mahaya, uku na dama babu. Daga kanar zuwa sama, a sojan ƙasa da kuma rundunar Marine, ana biyo keken da doki mai sirdi ba mahayi, an sa takalman hawa a likkafa suna kallon baya. Igwa kuma tana ƙirga taurari: harbi 11 ga mai tauraro ɗaya, 13 ga mai biyu, 15 ga mai uku, 17 ga mai huɗu, 19 ga wanda ya kai matsayin su Pershing. Harbi 21 na shugaban ƙasa ne. Mutane da yawa suna rikita wannan da harbin da sojoji bakwai ke yi da bindiga sau uku a bakin kabari, saboda bakwai sau uku ya ba da 21, alhali wancan harbin kowane soja ana yi masa. Sai mai begila ya busa sautin ban kwana mai amo 24, a naɗe tutar da ta rufe akwatin, mai ƙafa 5 da ƙafa 9 da rabi, har ta zama kusurwa uku, a miƙa wa magaji. Duk wannan bai cika wuce sa'a guda ba. Da an watse, abin da zai tsaya shekaru ɗari shi ne dutsen da ya yi daidai da na maƙwabci.

Sashen dawakan ma yana da nasa matsalolin. A 2022 dawakai biyu na rundunar suka mutu, bincike ya gano yashi da tsakuwa a cikinsu, da abinci marar kyau, da matsatsin wurin zama. A Mayun 2023 aka dakatar da keken dawakan gaba ɗaya, iyalai suka koma rakiya da mota, sai a 2025 aka dawo da shi, shi ma a taƙaice.

Abin da dutsen Pershing ya yi shiru a kai shi ne ainihin tarihin. Ya fita makarantar hafsoshi ta West Point a 1886, ya fara da sojan doki a yaƙe-yaƙen da aka yi da 'yan asalin ƙasar. A 1895 aka tura shi Rejimanti ta 10 ta doki, rundunar baƙaƙen fata da fararen hafsoshi ke shugabanta, ya kuma yi yaƙin Kyuba da su a 1898. Daga nan laƙabinsa na Black Jack ya samo asali, kuma da farko zagi ne daga ɗaliban West Point da suka tsani tsananinsa. A 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya ɗaga shi daga kyaftin zuwa birgediya janar kai tsaye, ya tsallake hafsoshi 862 da ke gaba da shi, abin da ya jawo surutu sosai tunda surukinsa Sanata Francis Warren ne shugaban kwamitin harkokin soja a majalisar dattawa.

Shekarunsa a kudancin Filifin su ne mafi nauyi, kuma bai kamata a rufe su ba. Can ya yaƙi Musulmin Moro a kewayen tafkin Lanao a 1902 da 1903, ya dawo gwamnan lardin daga 1909 zuwa 1913. Ya koyi wani abu na harshensu, ya yi hulɗa da sarakunansu, amma shi ne ya ba da umarnin ƙwace makamansu, kuma a Yunin 1913 sojojinsa suka auka wa waɗanda suka fake a kan dutsen Bud Bagsak a tsibirin Jolo, aka kashe ɗaruruwa. Labarin nan da ake yaɗawa cewa ya harbe fursunoni Musulmi da harsasan da aka tsoma a jinin alade, masana tarihi ba su sami hujjarsa ba. Bud Bagsak kuwa yana cikin rahotannin sojan Amurka kansu. Haka kuma a 1918, mutumin da ya ƙi yarda a rarraba sojojin Amurka cikin rundunonin Ingila da Faransa, shi ne ya miƙa wa Faransawa rejimanti huɗu na baƙaƙen fata, ciki har da ta 369 daga New York, suka yi yaƙi da bindiga da hular Faransa.

A ɗaya gefen akwai aikin da ya sa aka san shi. Ya sauka Faransa a Yunin 1917 da 'yan hafsoshi ƙalilan, kafin yaƙi ya ƙare sojojinsa sun kai miliyan biyu. Farmakin Meuse-Argonne, daga 26 ga Satumba zuwa 11 ga Nuwamba 1918, ya haɗa sojoji kusan miliyan 1.2, fiye da 26,000 suka mutu. Masana da dama na ɗora wani ɓangare na wannan asara a kan imaninsa da bindigar hannu da kai farmaki a fili, a zamanin da bindiga mai sarrafa kanta da igwa suka riga suka sauya yaƙi. Akwai kuma gobarar Agustan 1915 a barikin Presidio na San Francisco, wadda ta cinye matarsa da 'ya'yansa mata uku, ɗansa Warren kaɗai ya tsira. Ɗan Warren ɗin, Laftanar Richard Pershing, an kashe shi a Vietnam a 1968, yana nan kwance kusa da kakansa da dutse iri ɗaya.

Ra'ayin daidaita kaburbura ya fi fitowa fili a maƙabartun Amurka na ƙetare. A 1923 majalisa ta kafa hukumar kula da wuraren tunawa da yaƙe-yaƙen Amurka, ABMC, Pershing ya shugabance ta har rasuwarsa, Janar George Marshall ya gaje shi. Bayan kowane yaƙin duniya an ba iyalai zaɓi: a kawo gawa gida da kuɗin gwamnati, ko a bar ta inda ta faɗi. Mafi yawa suka ce a kawo. Waɗanda suka rage aka tattara su a maƙabartu na dindindin, yanzu hukumar na kula da guda 26, ɗaya a Afirka, a Carthage ta Tunisiya, mai kaburbura 2,841. Ƙa'idar wuraren ita ce babu sashen hafsoshi, babu dutsen kuɗin iyali, babu ranar haihuwa ma: suna, muƙami, runduna, jiha, ranar mutuwa.

Wanda ya gwada ƙarfin wannan ƙa'ida shi ne yaron Pershing, Janar George S. Patton na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya yi masa dogari a farautar madugun 'yan tawaye Pancho Villa a Meziko a 1916. Patton ya yi hatsarin mota kusa da Mannheim ranar 9 ga Disamba 1945, ya karye a wuya, ya rasu a asibitin soja na Heidelberg ranar 21 ga watan. Matarsa Beatrice ta amince a binne shi a Hamm, bakin birnin Luxembourg, inda Runduna ta Uku, wadda ya jagoranta a yaƙin, ta buɗe maƙabarta a ƙarshen Disambar 1944 lokacin gumurzu da Jamusawa a yankin Ardennes. Ranar 24 ga Disamba aka sa shi a kabarin da ke kan layi, tsakanin sojojinsa, kamar yadda doka ta ce.

Sai jama'a suka yi ta tururuwa. Kowa kabarin Patton ya zo gani, kuma babu hanyar isa sai ta kan kaburburan wasu. Ciyawa ta mutu, ƙasa ta dandaƙe, damina ta mai da wurin taɓo. A 1947 aka tone shi aka mai da shi gaba, kusa da sandunan tuta biyu, yana fuskantar layukan kaburbura fiye da 5,000. Hujjar hukuma ita ce kare sauran kaburbura, kuma hujja ce ta gaskiya. Amma sakamakon shi ne hoton da dokar ta so ta hana: kwamanda a gaba, runduna a jere. Abin da aka iya riƙewa shi ne gicciyen, farin marmaran Lasa na arewacin Italiya, girmansa ɗaya da na kowa.

Rubutun gicciyen ya cancanci a tsaya a kansa. Ya ce Janar, Runduna ta Uku, California, 21 ga Disamba 1945. Alhali ranar da ya rasu ba shi ne kwamandan Runduna ta Uku ba. Shugabansa Janar Eisenhower ya cire shi a Oktoban 1945 saboda kalamansa kan tsoffin 'yan Nazi da jan ƙafarsa wajen korarsu daga muƙamai a Bavaria, aka ba shi Runduna ta Goma Sha Biyar, wadda kusan duk aikinta rubuta tarihin yaƙi ne. Masu rubutun suka zaɓi rundunar da ta juya arewa cikin dusar ƙanƙara ta buɗe hanyar garin Bastogne da Jamusawa suka kewaye ranar 26 ga Disamba 1944. Zaɓin yana da ma'ana tunda da yawa daga mamatan wurin nata ne, amma ya nuna cewa ko layi uku ma akwai hannun mai zaɓe a ciki. Marin da ya yi wa sojoji biyu marasa lafiya a asibitocin Sicily a Agustan 1943, wanda ya kusa ƙarar da aikinsa, dole mai ziyara ya nemo shi a wani wuri.

Kula da waɗannan duwatsu aiki ne da ba ya ƙarewa, kuma marmara dutse ne mai rauni. Ana haƙo na Amurka a jihohin Vermont da Georgia, a yanka, a goge, a manna takardar roba da aka huda haruffa a jiki, a fesa yashi da iska mai ƙarfi har rubutu ya nutse. A wasu sassan ana shafa baƙin fenti a cikin haruffan don su fito, sai dai fentin na kodewa, ba kuma lokaci ɗaya ba, har layi guda ya zama wani baƙi wani fari. Ruwan sama mai tsami yana cin fuskar marmara ta koma gari-gari kamar sukari, gefen haruffa ya dushe. Gansakuka da baƙin dattin bishiya suna kama ɓangaren da ke inuwa. Kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi yi shi ne wanki da bilic, ko buroshin ƙarfe, ko injin fesa ruwa mai ƙarfi. Bilic na barin gishiri a cikin ƙofofin dutsen, gishirin ya bushe ya kumbura ya farfasa fuskar daga ciki. Abin da hukumomin ke amfani da shi ruwa ne mai tsabta, da buroshi mai laushi, da maganin kashe gansakuka marar tsami irin D/2, a jiƙa dutsen tukuna, a wanke daga ƙasa zuwa sama don kada datti ya zubo ya bar zane, a ɗauraye sosai.

Matsala ta biyu nutsewa ce da karkacewa. Ƙasar sabon kabari na sauka, sanyi na daskarar da ruwan ƙasa ya tura dutse sama, injin yankan ciyawa na bugun gindi ya ɓantare shi. Gyaran shi ne a ciro dutsen, a gyara ramin, a zuba dakakkiyar tsakuwa a dandaƙe, a mayar, a ja igiya daga farkon layi zuwa ƙarshe, a daidaita tsayi da tsayuwa ta kowace fuska. A maƙabartun ƙetare irin ta Luxembourg an rage wannan wahala tun wajen gini, domin giccen suna zaune ne a kan dogayen ginshiƙan siminti da aka binne a ƙarƙashin ciyawa, shi ya sa layukansu ba sa motsi.

Matsala ta uku ta fi kowace muni, wato takarda. Idan duwatsu dubu ɗaruruwa kamarsu ɗaya, lambar da ke bayan dutse da rajistar ofis su ne kaɗai ke cewa wane ne a ƙasa. A 2010 babban sufeton sojan ƙasa ya gano kaburbura 211 a Arlington da taswira da rajista da dutse ba su yi daidai ba, wasu babu dutse, wasu an binne wani a gurbin wani, saboda har lokacin da katin takarda ake aiki. Shugabannin maƙabartar suka bar aiki, sojoji suka bi kowane dutse suka ɗauki hotonsa gaba da baya, aka haɗa da rajistar kwamfuta da taswira. Yanzu ana sa wa akwatin gawa alama ta dindindin, kuma iyali na duba samfurin rubutu su amince kafin a sassaƙa, domin harafi ɗaya da ya kauce yana nufin sabon dutse.

Abin da ke gaban Arlington yanzu ƙarancin fili ne. Eka 639 ce, mutum fiye da 400,000 suna ciki, ana jana'iza kusan 30 a kowace ranar aiki. Hukumar sojan ta yi ƙiyasin cewa in ba a sauya komai ba wurin zai cika a farkon shekarun 2040, kuma faɗaɗawar da ake yi ta kudu za ta ƙara gurabe kusan 80,000 ne kawai. A 2019 ta fitar da shawarar tsuke sharuɗɗa: kabarin ƙasa ya zama na waɗanda aka kashe a yaƙi, da masu lambar SS zuwa sama da suka yi yaƙi, da masu lambar rauni, da tsoffin fursunonin yaƙi, da shugabannin ƙasa da mataimakansu, da 'yan wasu rukunai ƙalilan. Wanda ya yi ritaya bayan shekaru masu yawa ba tare da ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai dai a ajiye tokarsa a gurbin bango. Ƙungiyoyin tsoffin sojoji sun yi ca a kan shawarar, musamman saboda waɗanda suka daɗe da tsara jana'izarsu bisa tsohuwar doka. A jerin sharuɗɗan babu inda aka ambaci yawan taurari, don haka a ƙarƙashin wannan tsari kofur mai lambar rauni zai sami kabari da dutse, janar da bai cika sharaɗi ko ɗaya ba ya sami ƙaramin allon bango.